Amsoshin Wasiƙunku: Katin Bashi Da Asusun Da Ya Yi Barci

A wannan mako wasiƙu uku muka zaɓo daga Jihar Kebbi, kuma duk bakinsu ɗaya: me ke sa banki ya amince da mutum?

Ta farko daga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Jega. Ya ce, shin katin da yake cirar kuɗi da shi a na'urar ATM shi ne katin bashi?

To Malam, ba shi ba ne. Katin da ke aljihunka kuɗinka yake fito maka da su, in sun ƙare shi ke nan. Katin bashi kuwa kuɗin banki ne. Za a yanka maka iyakar abin da za ka kashe, duk wata a turo maka lissafi da ranar biya. In ka biya wani ɓangare kawai, sauran sai ya hau haihuwar kuɗin ruwa, in ka makara kuma ga tara. Galibi masu albashi ake ba, don banki yana ganin shigowar kuɗinsu wata-wata. Wanda ke gudun riba yana iya tuntuɓar bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, ko TAJ da ya biyo baya a 2019.

Wasiƙa ta biyu daga wani manomin albasa ce a Aliero. Ya ce shi sau ɗaya a shekara yake zuba kuɗi, in ya sayar da albasa, sai ya tarar an ce asusunsa ya yi barci. Ko kuɗinsa sun salwanta?

Kwantar da hankalinka, kuɗinka na nan. Bisa ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a Yulin 2024, asusun da ya shekara mai shi bai taɓa shi ba ya zama mai barci. In ya kai shekara 10 a haka, ana mayar da kuɗin wani asusu na musamman a Babban Bankin, amma mai su ko magadansa na da ikon karɓa. Ka je reshen bankinka da katin shaida da lambobinka na BVN da NIN a farfaɗo da shi. Daga nan ka riƙa motsa shi, ko da ɗan kuɗin taki ne ko na ƙwadago. Asusun da ake shiga da fita a cikinsa shi ne mashaidinka ranar neman rance.

Ta uku daga Maiyama. Mai wasiƙar ya ce ya taɓa cin bashin noma bai gama biya ba, yanzu ya buɗe asusu a wani bankin, ko can za a ba shi?

Gaskiya da wuya, ɗan'uwa. Tun da aka shigo da BVN a 2014, duk asusunka a haɗe suke da lamba ɗaya. Akwai kuma kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma can banki ke fara leƙawa. Ban da wannan, tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar ciro bashinsa daga asusunka na wasu bankuna, muddin ka sa hannu a kan haka lokacin karɓar rance. Mafita ita ce ka koma wurin masu binka, ku daidaita biya kaɗan-kaɗan, in ka gama ka karɓi takardar shaida. In kuwa an rubuta maka bashin da ba ka ci ba, kai kuka a rubuce ga bankin. In mako biyu ya wuce ba a share maka hawaye ba, sai ka nufi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin.

Jan kunne na ƙarshe: kada ka ba kowa lambar sirrin katinka, ko da ya ce daga banki yake bugowa. Kada kuma ka ara wa wani BVN ɗinka ya ci bashi, domin kai za a bi.

Sai mun ji daga gare ku. Ku huta lafiya.