AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Wane Abin Sauraro Na Kunne Ya Dace Da Manomi Da Ɗan Kasuwa?

Kamar yadda muka saba, ga amsar da muka bayar a filinmu na wannan mako, mun sa ta a rubuce domin waɗanda shirin ya wuce su.

Wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana ɗaya. Wani manomi daga yankin Funtuwa ya ce ya sayi abin sauraro na kunne marar igiya, mai tsada kuwa, amma rediyon wayarsa ya ƙi kamawa da shi. Wani mai awon hatsi a kasuwar Dawanau yana tambayar irin wanda zai riƙa amsa kira da shi alhali hannuwansa suna kan mudu. Ta uku kuwa wata baiwar Allah ce daga Maraɗi. Ta ce ɗanta yana aiki a wurin injin niƙa, kullum kunnuwansa a toshe da waƙa, ga shi yanzu sai an ɗaga murya yake ji.

To, mun gode da waɗannan tambayoyi. Amsarsu a taƙaice ita ce, aikin mutum da lafiyar kunnensa su ne za su zaɓa masa, ba ƙyalƙyalin kwali ko zaƙin bakin mai sayarwa ba.

Shi dai wannan abu ba sabo ba ne. Tun a 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera irin wanda ake kifawa a ka, sojojin ruwan Amurka suka saya. Amma bai zama kayan kowa da kowa ba sai bayan 1979, lokacin da kamfanin Sony na Japan ya fito da 'yar rikodar nan ta aljihu mai suna Walkman. Yau ga shi har a kasuwar ƙauye ana rataye shi kamar tsarkiyar kifi.

Idan ka je saye, iri uku za ka fi tararwa. Na farko shi ne babba mai kama da baka, wanda ake kifawa a ka, sosonsa ya rufe kunnuwa ruf. Shi ake kira hedifon, kuma shi muke sawa a ɗakin watsa shirye-shirye. Muryarsa garau, yana kuma tare hayaniyar waje. Sai dai yana da nauyi, yana tara gumi, hula ko malfa ba ta zama da shi. Na zaman ɗaki ne, ga mai sauraron karatu ko labarai da dare ba tare da ya tashi iyali ba.

Na biyu shi ne ƙaramin nan da yara ke kira iyafis, mai robar da ake cusawa cikin ramin kunne. Ba shi da nauyi, ba ya yawan faɗuwa, amma yana toshe kunne sosai. Na uku ɗan'uwansa ne, marar roba, wanda ke zama a bakin kunne kawai. Muryarsa ba ta kai ta sauran cika ba, amma da shi kana jin abin da ke gudana kewaye da kai. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan akwai mai igiya, akwai kuma marar igiya, wato mai aiki da Bluetooth.

Yanzu sai mu zo kan malaminmu na Funtuwa. Malam, wayarka lafiyarta lau, abin da ka saya ma ba lallai ne jabu ba. Abin da ya faru shi ne, a yawancin wayoyin salula igiyar abin sauraron ita ce eriyar rediyon FM. Ka cire igiya, ka cire eriya ke nan. Shi ya sa wayar take cewa sai ka soka iyafis kafin rediyo ya buɗe. Akwai wasu ƙananan wayoyi masu maɓallai da ke da eriyarsu a ciki, su kam suna kamawa ba igiya. Saboda haka duk wanda rediyo ne babban abin da yake saurare, to ya riƙe mai igiya. Kada kuma ka dunƙule igiyar a aljihu. Sake ta ta miƙe, tashar za ta fi fita.

Daɗin daɗawa, mai igiya ba ya cin caji. Marar igiya kuwa batir ne a cikinsa, sai an yi masa caji kamar waya. A garin da ba wutar lantarki, kuɗin caji biyu ke nan za ka riƙa kai wa mai janareta. Batirin nan kuma ba ya son zafi. Idan ana barinsa a rana zai riƙa saurin mutuwa, kuma galibi ba a iya canja shi. Ga shi ɗan mitsitsi, in ya faɗa cikin kunya, sai dai wani ikon Allah.

Shi kuwa ɗan'uwanmu na Dawanau, marar igiyan zai iya yi masa rana, tunda a kasuwa caji ba wuya, kuma ba igiyar da za ta sarƙe da buhu. Yana aiki har nisan kamar mita 10 daga wayar. Amma a nemi na kunne ɗaya, ko kuwa in tagwaye ne a sa ɗaya a bar ɗayan a gidansa. Ɗan kasuwar da mai ciniki zai yi wa sallama sau uku bai amsa ba, ai maƙwabcinsa ya yi wa kasuwa. Idan kuma mai igiya kake so, dubi bakin ƙarfen da ake sokawa a waya. In zobba biyu ne a jikinsa, na sauraro ne kawai. In uku ne, akwai makirfo, za ka iya magana da shi. A lura kuma, wasu sababbin wayoyi ba su da wannan ramin zagayayye mai faɗin milimita 3.5, kamfanin Apple ya daina sa shi a sababbin wayoyinsa tun 2016, wasu suka bi sahu. Irin waɗannan sai ta ramin caji. Don haka ka tafi kasuwa da wayarka a hannu.

Maganar kunne ɗaya ta shafi manomi da ɗan acaɓa ma. A wannan zamani da sai da kunne a buɗe ake noma, bai kamata mutum ya toshe duka biyu a gona ba, har shanu su shigo ko a ƙwala masa kira bai ji ba. A kan babur kuwa, a cire shi gaba ɗaya. Wanda bai ji hon ɗin mota ba ya sa ransa da na fasinja a hatsari.

Sai tambayar baiwar Allah ta Maraɗi, wadda ta fi sauran nauyi. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani abu mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai dubban ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su sannu a hankali, ba ciwo ba jini, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar yau da kullum kamar 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron ƙara mai desibel 80 har awa 40 a mako ba illa, amma da ta kai 90, awa 4 kacal ke nan a mako. A 2015 hukumar ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda irin wannan sauraro.

To ɗanki ƙara biyu ce a kansa: ga ta inji, ga kuma waƙar da yake ƙurewa don ta danne ta injin. Iyafis ba kariya ba ce. Abin da ya dace da shi shi ne toshiyar kunne ta soso ko marufin kunne irin na ma'aikatan masana'antu, ba waƙa a ciki. Kuma ki kai shi asibiti, ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, a auna jinsa tun da wuri. Abin da ya rage masa ana iya tsare shi.

Ga sauran jama'a, kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, wato ta ɗan gota rabi kaɗan. In wanda ke tsaye gabanka yana magana ba ka ji, ƙarar ta yi yawa. In ka cire ka ji kunnenka yana shuuu, wannan gargaɗi ne. A riƙa hutar da kunne lokaci-lokaci. A goge robar da tsumma mai tsabta, a kuma daina aron iyafis, domin ciwon kunne yana iya bin sa daga wani zuwa wani.

A ƙarshe, ko a Farm Centre ta Kano ka je ko a teburin kasuwar ƙauyenku, gwada kafin ka biya. Ji kunnen dama, ji na hagu. Murɗa igiyar a gindin bakin ƙarfen, domin nan take fara tsinkewa. In murya tana yankewa, ajiye. Kira wani ka tambaye shi ko yana jin ka. Buɗe rediyo ka ji muryar mai magana, kada ƙugin kiɗa ya ruɗe ka. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, don jabu ya iya sa babbar riga.

Mai wata tambaya ya aiko mana ta adireshin da aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.