Yadda jirgin ƙasa ya raya mashayun bakin teku a Ingila

Da yawa daga cikin tsofaffin mashayun da ke gaɓar tekun Ingila sun samo asali ne a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Jirgin ƙasa ne ya kawo musu ciniki. Layin dogo ya isa Brighton a 1841, ya kai Blackpool a 1846.

A wancan zamani a Lancashire, inda ake saƙa irin yadin da ya riƙa shigowa kasuwanninmu, masaƙu kan rufe mako guda cur a shekara. Sai leburori su yi ɗango zuwa bakin ruwa, kowa da ɗan abin da ya tara.

Mashayar Uncle Tom's Cabin ta Blackpool ta fara ne a matsayin 'yar rumfa a kan gaɓa, aka ƙara mata filin rawa. Teku ya yi ta zaizaye ƙasar har aka rushe ta a farkon ƙarni na 20, aka gina sabuwa nesa da ruwa.

A mashayun wancan zamani, ko a wurin shan ma ba a haɗa kafaɗa ba: ɗakin leburori daban, na masu hannu da shuni daban, da gilashi mai zane a tsakani, farashi kuma ya bambanta.