Wane Muhammadun? Batun Lambar Shaidar Manazarta A Jami'o'inmu

Hausawa kan ce suna linzami ne, wato da shi ake juyo da mutum har ya waiwayo. Sai dai linzamin nan a cikin gida da unguwa yake da ƙarfi, inda in an ce Malam Garba kowa ya san wanda ake nufi, in kuwa Garban biyu ne sai a ƙara da na bakin kasuwa ko mai shayi, magana ta ƙare. A fagen bincike na wannan zamani al'amarin ba haka yake ba. Na'ura ce ke tattara miliyoyin maƙalu daga mujallun duniya tana rarraba su ga masu su, ita kuwa ba ta san unguwar kowa ba, haruffa kaɗai take gani. Da lissafin da take fitarwa ake duba wa ya rubuta me, sau nawa aka ambaci aikinsa, wa ya cancanci tallafin bincike, kuma wace jami'a ce ke gaba da wata. Wanda na'ura ta ɓatar wa da suna, ta ɓatar masa da gumin shekaru.

A matsayina na ɗalibin ilimin harsuna, ina ganin babu al'ummar da wannan matsala ta fi yi wa illa kamar tamu, kuma dalilin yana cikin tsarin sunayenmu. Mu ɗauki sunan Muhammad. Ana rubuta shi Muhammad, Muhammadu, Muhammed, Mohammed, har da gutsurarren Mohd, a gida kuma a ce Mamman. Da an tsallaka Jibiya zuwa Maraɗi sai ya koma Mahamadou ko Mamane, saboda can da ƙa'idar Faransanci ake rubutawa. Abubakar shi ne Aboubacar, shi ne Bukar, shi ne Habu, shi ne Garba. Ba sabon abu ba ne a tarar mutum ɗaya yana da rubutu ɗaya a takardar firamare, wani a shaidar digiri, wani kuma a fasfo, gwargwadon hannun magatakardan da ya cike takardar.

Bugu da ƙari, mu ba mu da sunan zuriya da ake gada kaka da kakanni irin na Turawa. Wani da sunan mahaifinsa yake amfani, wani da na kakansa, wani kuwa da sunan garinsu, kamar yadda muka sani a sunayen Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Alhaji Shehu Shagari. Sai ka ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da sunan ƙarshensa. Malama kuma ta wallafa maƙalu biyar da sunan mahaifinta, ta yi aure ta koma sunan miji, na'ura ta raba ta gida biyu. Mujallu kuwa al'adarsu ce su taƙaita suna, su rubuta "Muhammad, A." To, wane ne wannan? Aliyu ne ko Auwalu, Amina ce ko A'isha? Likitan dabbobi ne a Sakkwato ko malamin Larabci a Maiduguri?

Sannan ga haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Mai suna Ɗanladi na iya bayyana a matsayin Ɗanladi, Danladi, Dan Ladi ko Dan-Ladi, kuma wata ma'ajiyar bayanan in ta ci karo da ƙugiyar sai ta zubar da harafin, ko ta sa alamar tambaya a gurbinsa. Ko sunan Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya nemi abin da aka rubuta a kansa ya san sai ya gwada Usman dan Fodio da Uthman ibn Fudi da Ousmane dan Fodio kafin ya tattaro rabin abin da ke akwai.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. A Koriya ta Kudu kusan mutum ɗaya cikin biyar sunan zuriyarsa Kim, a ƙasar Sin kuwa masu suna Wang da Li da Zhang sun fi gaban miliyoyi. Kuma matsalar ba ta zamani ba ce. Malaman Hadisi sun yi fama da ita tun ƙarnoni da suka wuce, har suka ware mata fanni guda, na maruwaitan da sunansu da na iyayensu ya zo ɗaya alhali mutane ne daban-daban. Al-Khaɗib al-Baghdadi, wanda ya rasu a shekarar 1071, ya wallafa littafi sukutum a kan haka mai suna Al-Muttafiƙ wal-Muftariƙ. Shahararren misalin da ake bayarwa a fannin shi ne sunan Khalil ɗan Ahmad, wanda aka ƙirga mutum shida masu amsa shi, na farkonsu shi ne malamin nahawun nan na Basra da ya shimfiɗa ilimin aruli. Dalilinsu na wannan wahala a fili yake: in aka rikita amintacce da mai rauni saboda suna, hukuncin ruwayar kansa ya canza. Abin da suka yi da haddar tarihin mazaje, shi ne duniyar bincike ta yau ke ƙoƙarin yi da lamba.

Lambar da ta fi karɓuwa ita ce ORCID. Ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba riba take nema ba, aka yi mata rajista a Amurka a 2010, ta buɗe rumbunta ga jama'a a watan Oktoba na 2012. Kafin ita kamfanoni sun gwada nasu: Thomson Reuters ya fito da ResearcherID a 2008, Scopus na kamfanin Elsevier kuma yana bai wa marubuta lamba da kansa ta hanyar kintacen na'ura. Amma kowace a cikin shagon mai ita take aiki. ORCID kuwa ta kowa ce, kuma manazarci ba ya biyan ko kwabo don ya mallake ta; cibiyoyin da suka zama mambobi ne ke biyan kuɗin da ake tafiyar da ita.

Siffarta alƙaluma 16 ne, a rukuni huɗu, kowane rukuni huɗu-huɗu. Na ƙarshen ana lissafo shi ne daga sauran don a gane in an yi kuskure wajen kwafa, shi ya sa wani lokaci yakan zo da harafin X. Misalin da ƙungiyar ke nunawa shi ne 0000-0002-1825-0097, lambar wani Farfesa Josiah Carberry na Jami'ar Brown, wanda ba a taɓa haihuwarsa ba. Ƙirƙirar sa aka yi don raha tun 1929, aka ce masanin fasassun tukwane ne. Duk wanda ya san lambar BVN da bankunanmu suka shigo da ita a 2014 ya riga ya fahimci hikimar: mutum ɗaya, lamba ɗaya, ko asusu nawa ya buɗe. Bambancin shi ne ORCID ba ta ɗaukar zanen yatsa, ba ta tambayar ranar haihuwa, kuma mai ita ne ke zaɓar abin da jama'a za su gani da abin da zai ɓoye. Akwai gurbi na musamman da mutum zai jera duk rubuce-rubucen sunansa, da ƙugiya da babu, da na Faransanci, har da haruffan Larabci in ya ga dama. Wannan gurbin kamar don mu aka yi shi.

Amfaninta na gaske yana fitowa ne idan ta haɗu da 'yar'uwarta DOI, wato lambar dindindin da ake bai wa maƙalar kanta, wadda ke farawa da 10. Ƙungiyar Crossref, da ta fara aiki a 2000, ita ce ke yi wa yawancin mujallu wannan rajista. Tun daga 2015, idan marubuci ya ba mujalla lambarsa lokacin miƙa maƙala, ya kuma ba da izini, da an buga ta sai ta shiga shafinsa da kanta. Gidauniyar Wellcome ta Ingila ta wajabta lambar ga masu neman tallafinta a 2015, a farkon 2016 wasu manyan mawallafa irin su PLOS da Royal Society suka sanar za su riƙa neman ta daga marubuta, hukumar tallafa bincike ta Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2017. Ashe ke nan matashin malaminmu da ke son tsallaka katangar gida ba shi da zaɓi.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Na sha duba shafukan abokan aiki da suka buɗe lambar saboda an ce a buɗe, sai in tarar da suna kawai, fayau, kamar rumbun da aka ɗaura wa jinka ba a zuba hatsi ba. Ba duka laifinsu ba ne. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan harshe da adabi da al'adun Hausawa yana cikin mujallun sassa da littattafan karrama malamai da kundayen taruka, waɗanda ake buga 'yan ɗaruruwan kwafe a raba a zauren taro, ragowar ta ƙare a kabad ɗin shugaban sashe. Maƙalar da ba ta da DOI, ba ta kan intanet, babu inda lambar marubucinta za ta maƙale. Yana iya shigar da ita da hannunsa, kuma ya kamata ya shigar, amma shafin zai nuna cewa shi ne ya faɗa da bakinsa, ba mawallafi ne ya shaide shi ba. Saboda haka jami'ar da ta tilasta wa malamanta lamba ta bar mujallunta a kabad ta ɗaura sirdi ne a ƙasa.

Gyaran kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Manhajar OJS ta tafiyar da mujalla kyauta ce. Dandalin AJOL, wanda ya fara a 1998, ya daɗe yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka. Abin da ake bukata shi ne ɗakin karatu na jami'a ya karɓi ragamar, a ware ɗan kasafi na rajistar DOI, a zauna a ɗauki hoton tsofaffin fitowar mujallu irin su Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero a shigar da bayanansu daidai, da ƙugiyoyinsu. Asusun TETFund, da ke zuba kuɗi wajen buga mujallu da littattafan manyan makarantu, yana da ikon sa wannan ya zama sharaɗi.

Akwai kuma wani gargaɗi ga kwamitocin ƙarin girma. Lambar ba shaidar ilimi ba ce. Kowa na iya buɗe ta cikin 'yan mintoci, babu mai tambayarsa digiri, kuma mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai su ma sukan liƙa ta a saman maƙala, wasunsu har DOI suke da shi. Aikinta ɗaya ne tak, ta ce wannan Muhammadun ne ba wancan ba. Ingancin abin da ya rubuta kuwa sai an zauna an karanta. Na taɓa ganin takardun neman matsayi na wani malamin adabi, wanda jerin ayyukansa na intanet ya haɗa da maƙalu a kan sauro da takin zamani, na wani takwaransa ne na'ura ta jingina masa, adadin ambatonsa ya kumbura. Lamba za ta hana irin wannan. Ba za ta hana kwamiti lalacin ƙirga maimakon karatu ba.

Ga wanda zai buɗe, shawarata kaɗan ce. Ya fara bincikawa ko ya taɓa buɗewa ya manta, domin lamba biyu ga mutum ɗaya ta rushe manufar, ko da yake ana iya haɗe su. Ya sa adireshin imel nasa na kansa tare da na jami'a, saboda ranar da ya sauya wurin aiki kada ƙofa ta rufe masa. Kada kuma ya bar wa mai shagon intanet kalmar sirrinsa.

Saura waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. ORCID mai rai ne ke buɗe wa kansa, ba a buɗe wa mamaci. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, mai littafin Hausa a Rubuce na 1988, da Alhaji Abubakar Imam da sauran magabata ba za su zo su jera rubuce-rubucen sunayensu ba. Su tasu hanyar ita ce lambar ISNI, wadda ke da alƙaluma 16 ita ma, kuma cibiyoyi ne ke nema a madadin marubuci, rayayye ko mamaci. Wannan aiki ne na ma'aikatan ɗakunan karatu, musamman Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda dama shi ke bayar da lambobin ISBN da ISSN a Nijeriya, tare da sassan harsunan Nijeriya da suka san wane Yahaya ne ya rubuta wane littafi.