Maimaita Allurar Rigakafi da Garkuwar Jama'a: Misali Daga Cutar Ƙyanda

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba dalilin da ya sa ake maimaita allurar rigakafi, da kuma yadda likitoci da iyaye suka ɗauki wannan maimaici. Za mu kafa misali da ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, tun da yake babu gidan da bai san ta ba.

Da farko ya kamata mu lura cewa su kansu likitoci ba da wuri suka yarda da maimaicin ba. An fara allurar ƙyanda a Amurka a 1963, aka kuma daɗe ana ganin guda ɗaya ta wadatar. Sai a 1989, bayan da cutar ta yi ta ɓarkewa a makarantu tana kama har ɗaliban da aka riga aka yi wa allura, sannan aka tsayar da cewa a riƙa yin biyu. A Nijeriya kuwa sai 2019 aka fara shigar da ta biyun cikin tsarin rigakafin yara, ana yin ta idan yaro ya kai wata 15.

Hujjar ta lissafi ce. A nan ana yi wa jariri ta farko yana wata 9, lokacin da ragowar garkuwar da ya samu daga mahaifiyarsa ke iya hana allurar kamawa. Saboda haka cikin yara 100, kimanin 85 take kamawa. Sauran 15 ɗin kuwa suna nan ba kariya, kuma babu wata alama a jikinsu da za ta nuna haka. Ita ƙyanda, mai ita ɗaya kan iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 idan ba su da kariya, don haka sai kimanin 95 cikin 100 na jama'a sun samu garkuwa kafin hanyarta ta toshe. Wato ko da an yi wa kowane jariri allura ɗaya, ba za a kai wannan adadi ba. Waɗanda ba ta kama ba za su yi ta taruwa shekara bayan shekara har su isa annoba. Allura ta biyu dai domin su ake yin ta, kuma da yake ba a iya tantance su, sai a yi wa kowa.

To, amma wannan bayani bai cika isa kunnen iyaye ba. Uwar da ta saba jin cewa allurar wata tara ita ce ta ƙarshe, idan aka ce ta komo, abin da za ta fara tambaya shi ne ko ta farkon ba ta da kyau ne. A ganinmu tambayarta tana kan hanya, kuma ba jahilci ba ce, kamar yadda wasu ma'aikatan lafiya ke saurin cewa. Mun ga yadda zargi ya kai ga dakatar da ɗigon shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Abin da ya fi wuyar faɗa wa uwa shi ne, mai yiwuwa ɗanta yana cikin 85 ɗin da ta farkon ta kama, amma duk da haka ana roƙon ta biya kuɗin mota, ta bar sana'arta, ta bi layi, domin kare jaririn maƙwabciyarta da bai kai wata 9 ba.