Tayirod, Ɗan Aike Tsakanin Sitiyari da Taya

Duk wanda ya taɓa shiga Golf ta haya daga Ruwan Godiya zuwa Sheme ko Ƙanƙara, an danne bayanta da buhunan masara, direba yana kaɗa sitiyari dama da hagu don kauce wa ramuka, da wuya ya tuna cewa umarnin nan na hannun direba ba ya isa ga taya sai ta wajen wani siririn ƙarfe, wanda kaurinsa bai fi na babban yatsa ba, shi ne makanikai ke kira tayirod. Kowace ƙafar gaba da nata, kuma gaɓa biyu gare shi: ta ciki tana manne da rak ɗin sitiyari, ta waje kuwa tana riƙe da ƙafar, a kanta akwai dunƙulen ƙarfe mai juyawa cikin gurbinsa kamar ƙashin kafaɗa, an lulluɓe shi da roba cike da giris.

Galibi daga robar nan illa take farawa, domin da zarar ta tsage, ƙurar rani ta shiga, ruwan damina ya biyo baya, sai giris ya cakuɗe da yashi ya riƙa cin ƙarfen a hankali, har sitiyari ya soma wasa, taya ta cinye ta gefe guda, ana jin ƙwas-ƙwas in an faɗa rami. Mai shakka ya ɗaga motar da jak, ya kama taya ta gefe da gefe ya girgiza. In ya ji tana lilo, alhali sitiyari bai motsa ba, to, hujja ta tabbata.

Sauya gaɓar waje ba shi da wuya, amma yana da sharuɗɗa. Bayan an tokare motar an cire taya, gwanin makanike yakan sassauta notin da ke kulle gaɓar, ya shata alama a kan zaren, ya zare ɗan ƙarfen da ke hana notin kai warwarewa, ya kwance notin, sa'an nan ya bugi gefen inda kan ya shiga jikin ƙafar da guduma har kan ya fito. Daga nan sai ya warware tsohon yana ƙirgawa, bakinsa na motsi kamar mai lazimi, domin in ya fita a juyi 17, wajibi ne sabon ya shiga a juyi 17. Na taɓa ganin yaron gareji ya amsa sallama yana tsakar ƙirga, lissafi ya ɓace masa, ya ɗaura da ka, motar ta fita tana ja gefe ɗaya.

Ko da ƙirgan ya yi daidai, kintace ne kawai, tun da tsawon sabo yakan saɓa wa na tsoho. Saboda haka alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, a bayan wannan aiki farilla ne, ba mustahabbi ba, ko da zai kai mutum Funtuwa. Amma abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu cusa leda cikin gurbin da ya riga ya cinye don ya daina ƙara, su ce sun gyara, wanda a ganina ha'inci ne tsantsa, domin ranar da dunƙulen ya fice ana cikin gudu, taya za ta juya inda ta ga dama, sitiyari kuwa yana hannun direba ba shi da sauran iko a kanta. Direbobinmu, in makanike ya ce ya sauya, ku ce ya miƙo muku tsohon ku gani.