Mai ciwon hanta ya kiyayi tsutsar ciki

Damana ta wuce, tabkunan Dallol Mauri sun cika. Daga Matankari har Kore Mai Ruwa da Geceme, nan yara ke wanka, nan bisashe ke sha, wani lokaci ma nan ake cika tulu. Lokacin zawo da atuni ke nan. Mai ƙarfi yakan kwanta kwana uku ya tashi. Amma wanda hantarsa ta daɗe da ciwo, nashi daban ne.

Ga dalili. Jinin da ya fito daga hanji sai ya bi ta hanta, ta tace shi, sannan ya wuce zuciya. Saboda haka abin da ya ɓata hanji, hanta ce a kan hanyarsa.

Mutane da yawa suna da ciwon hanta ba su sani ba. Ƙwayar da ake kira hepatit B takan shiga mutum tun yana yaro, ta yi shekaru ba alama. Daga baya ido ya yi shawara, ƙafafu su kumbura, ciki ya tara ruwa. Sai a shekarar 2008 Nijar ta sa rigakafinta cikin allurar jarirai. Galibin magidantan yau ba su same ta ba.

To, irin wannan mutum in atuni ya kama shi, akwai hatsari. Wata ƙwayar atuni, amiba, tana shiga ta ruwa ko abinci da kashi ya taɓa. Takan bi jini ta kai hanta, ta yi ƙurji mai mugunya. Zawon kansa yana ƙarar da ruwan jiki, har ƙoda ta gaza, hankali ya rikice. Nan ne dangi kan ce iskoki ne, a yi ta hayaƙi, kwanaki suna tafiya.

Akwai kuma tsutsa mai shiga ta tafin ƙafa, inda ake bayan gida a fili. Tana maƙale wa hanji tana shan jini, ga mutum dama ba shi da jinin.

Makiyaya masu gangarawa kudu su lura. Tsargiya iri biyu ce. Ta fitsarin jini kowa ya san ta. Ta hanji kuwa an same ta a ƙasar Gaya da bakin kogin Isa. Daga katantanwa take fitowa, ta huda fatar mai shiga ruwa. Ƙwanta yana taruwa cikin hanta har ta taurare, saifa ta kumbura, wata rana a yi aman jini. A shekarar 2004 gwamnati ta fara rabon maganinta, firazikantel, musamman ga ƴan lakwal.

Mai ciwon hanta da ya ga jini ko majina a bayan gidansa, ya tafi likita ran nan, kada ya jira ranar kasuwa. A asibitin Dogon Dutsi ana duba kashi da madubi, a gane irin tsutsar. Ya faɗa wa lokotoro ciwon hantarsa tun kafin a rubuta magani, don wasu magunguna suna yi wa hanta nauyi. Ƙwayoyin ƴan tebur da jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, su ma ta hanta suke bi. Giya da gujiya mai funfuna, ya bar su sam.

A gida kuwa, a tafasa masa ruwan sha, har wanda za a dama fura da shi. Mai damun ta wanke hannu da sabulu, in babu, da toka. Ya sa takalmi in za shi garka. Gidan da ba salga, a gina ta nesa da rijiya, a yi mata marufi.