Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan An Taɓa Saitin RAM

Daga cikin matsalolin da kan tsayar da aiki cik a ofisoshi da shagunan buga takardu, akwai wadda kan auku jim kaɗan bayan mai kwamfuta, ko yaron shagonsa, ya shiga saitin na'urar da nufin ƙara mata sauri. Da zarar an sake kunna ta, sai a ga fanka na juyawa, fitila na ci, amma gilashin ya yi baƙi ƙirin, ko kuma ta riƙa kamawa tana mutuwa da kanta. Ɗan kasuwar da lissafinsa da sunayen waɗanda yake bi bashi ke ciki yakan ɗauka na'urar ta ƙone, ya kwashe ta zuwa kasuwa irin ta Computer Village da ke Ikeja, ya dawo da sabon kayan da bai buƙata ba. Alhali kuwa a mafi yawan lokuta babu abin da ya ƙone. An dai ba na'urar umurnin da ba za ta iya cikawa ba ne, ta ƙi motsawa.

RAM ita ce ma'ajiyar wucin-gadi inda kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take yi a lokacin, kamar yadda mai kanti ke baza kaya a kan tebur alhali sauran na sito. Kowace sandar RAM tana ɗauke da wani ɗan guntu da ke faɗa wa na'urar irin gudu da ƙarfin lantarkin da za ta jure, bisa ƙa'idar ƙungiyar masana'antu ta JEDEC. Nau'in DDR4, wanda ya shigo kasuwa a 2014, yana farawa ne daga gudun 2133 da bolt 1.2, shi kuwa DDR5 na kwamfutocin tebur ya zo da gudun 4800 da bolt 1.1.

To, amma lambar da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali sau da yawa ta fi wannan. Domin a kai ga wannan lambar, sai an kunna wani tsari a cikin BIOS, wato shirin farko da ke tayar da na'ura kafin Windows ya karɓi ragama. Kamfanin Intel ya fito da nasa tsarin mai suna XMP a 2007, kamfanin AMD kuma ya kawo EXPO a 2022. Duka biyun tura na'ura suke yi ta wuce ƙa'idar asali, galibi tare da ƙarin lantarki zuwa bolt 1.35. Lambar kwali tana nuna abin da sandar ta iya ne a wurin gwajin masana'anta, ba ta ce furosesa da babban faranti, wanda masu gyara ke kira madabod, za su iya biye mata ba. Lamarin ya fi tsanani idan an cika ramuka huɗu, ko an gauraya sanduna daga kamfanoni dabam-dabam, abin da ya zama ruwan dare ga masu sayen kayan tokumbo ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko da ya kamata a yi shi ne haƙuri. Na'urori masu DDR5 sukan ɗauki mintoci suna auna sandunan bayan kowane canji, kuma a duk tsawon wannan lokaci gilashin baƙi yake. Wanda ya yi gaggawar kashewa ya katse aikin da ya kusa kammaluwa. Har ila yau, wasu farantan sukan koma tsohon saiti da kansu idan sun gwada tashi sau da dama suka kasa. Idan farantin yana da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT, a duba wadda ta tsaya a kunne. In ta DRAM ce, an gano inda gizo ke saƙa.

Idan an jira kamar minti goma babu labari, sai a share saitin. Ana ajiye shi ne a wani wuri da ake kira CMOS, wanda wani batir mai kamar kwabo, CR2032 mai bolt 3, ke riƙe da shi ko da an ɗauke wuta. A zare fulogi daga bango tukuna, a danna maɓallin kunnawa na daƙiƙu kaɗan domin sauran lantarkin ya fita, sa'an nan a buɗe akwatin. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe, jikin mutum yakan tara lantarkin da zai iya kashe kayan ciki, saboda haka a taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu. A cire batirin na kimanin minti biyar, a mayar. Akwai kuma gajeriyar hanya: kusan kowane faranti yana da wasu 'yan ƙusoshi da ake haɗawa da bakin sukudireba na daƙiƙa biyar zuwa goma. Kamfanin ASUS yana rubuta CLRTC kusa da su, MSI yana rubuta JBAT1, tsofaffin Dell OptiPlex kuma RTCRST, yayin da kwamfutocin ofis na HP da yawa ke da ɗan maɓalli rawaya domin wannan aiki. Kada a haɗa ƙusoshin da ba a tabbatar da sunansu ba.

Share CMOS ba ya taɓa ko harafi ɗaya daga cikin takardun da ke faifan ajiya. Wannan ya kamata kowane mai shago ya sani, domin a nan ne marasa amana daga cikin masu gyara kan tsorata mutum su ce sai an goge komai.

Sai dai akwai tarko guda biyu da suka fi shafar ɗan kasuwa fiye da matsalar kanta. Na farko shi ne makullin BitLocker. Idan faifan a kulle yake da shi, canjin saitin BIOS zai iya sa Windows ya nemi lambar buɗewa mai alƙaluma 48, kuma in babu ita, ba mai gyaran da zai iya fito da bayanan. Tun daga sabuntawar Windows 11 ta 2024, wannan kulle yakan kunna kansa a sababbin na'urori ba tare da mai su ya lura ba. Galibi lambar tana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara shirya na'urar, wanda a shaguna da yawa yaro ne da ya riga ya bar aiki. Gara a nemo ta yau, a rubuta a takarda, a ajiye tare da takardun banki. Na biyu kuwa kwanan wata ne, wanda kan koma baya bayan an cire batir. In ba a gyara ba, rasit zai fita da ranar da ba ita ba, shafukan banki kuma za su ƙi buɗewa. Haka nan idan na'urar ta tashi amma Windows ya ƙi shiga, a duba ko saitin faifai ya sauya tsakanin AHCI da RAID, a mayar da shi yadda yake a da.

Idan bayan duk wannan gilashin bai kawo ba, sai a cire sandunan gaba ɗaya, a sa guda ɗaya tak a ramin da littafin farantin ya ambata, wanda yawanci shi ne na biyu daga furosesa, a danna har maƙallan su kama. A gwada kowace sanda ita kaɗai. Ta haka ne za a san ko akwai wadda ta lalace da gaske, kuma ita kaɗai ce za a saya.

A ganinmu, na'urar da ta ƙi tashi ta fi sauƙin sha'ani a kan wadda ta tashi da saitin da bai zauna ba. Ta biyun tana iya yin kwanaki tana aiki, tana lalata fayil jefi-jefi ba tare da ta nuna alama ba, sai ranar da littafin lissafi ya ƙi buɗewa. Ƙarin saurin da ake nema kuwa masu wasanni da masu haɗa bidiyo ne ke jin daɗinsa, mai buga rasit da wasiƙa da wuya ya ga bambanci. Akwai kuma batun garanti, domin Intel da AMD duka sun bayyana cewa garantinsu ba lalle ne ya rufe ɓarnar da ta biyo bayan tura na'ura ta wuce ƙa'ida ba. A 2023 an sami rahotannin ƙonewar wasu furosesa na Ryzen 7000 saboda yawan lantarki, har AMD ya ƙayyade shi a bolt 1.3 ta hanyar sabunta BIOS.

Wanda aikinsa ke buƙatar wannan gudu, to ya kwafe bayanansa a wani faifai dabam, ya canza abu ɗaya kawai a kowane karo, kana ya gwada da manhajar MemTest86, wadda ake amfani da ita tun 1994. Ana sa ta a filas, a bar ta ta kwana tana zagaye da UPS a haɗe. Ko kuskure ɗaya ta nuna da safe, a rage gudun, a sake gwadawa.